Na Kwaikwayi Kukan Mai Naƙuda a Gidan Abinci, Ashe Uwarta Tana Bayana

Uwar wannan fili,

Don girman Allah ki taimake ni, kuma kada ki bar wasiƙar nan ta jira layi, domin kwana tara ko goma kawai suka rage mini. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. Ni ce ma mai karanta wasiƙun mutane a filinki ina tsaki, ina cewa ji wannan, da girmanta da komai sai an gaya mata abin da ya dace. To yau ga ni na kawo kaina.

Ni ungozoma ce, shekara ashirin da uku ina aiki a ɗakin haihuwa. Kada ki tambaye ni sunan asibitin. Shekaruna arba'in da takwas, ina da jika, ɗakina cike yake da littattafai har ƙarƙashin gado, kuma ni ce ke tsayawa gaban ɗalibai masu koyon aiki ina yi musu lacca a kan riƙe sirrin mara lafiya. Na faɗi wannan ne don kada ki nemo mini uzurin rashin sani. Ba ni da shi.

Mu biyar ne abokan aiki. Duk ranar Alhamis in mun tashi daga aikin safe, wajen biyu da rabi na rana, sai mu tsallaka titi zuwa wani gidan abinci da ke kallon ƙofar asibiti. Ɗaki ɗaya ne, tebur tara, fanka biyu, ɗaya ta daɗe da ajiye aiki. Mukan ja tebur biyu mu haɗa a tsakiyar ɗakin, mu zare takalma a ƙarƙashi, mu jibge jakunkuna a kan kujerar da wani zai iya zama. Shekara shida muna haka. Akwai wadda muke kira Doguwa, wadda in ta yi dariya sai cokula sun yi rawa a faranti. Akwai Mai Gilashi, wadda ba ta iya ba da labari sai tana dukan tebur. Sauran biyun 'yan amshi ne. Ni kuwa aikina kwaikwayo. Allah ya ba ni kunne da harshe, muryar da na ji sau ɗaya sai na maimaita ta har da inda mai ita ke jan numfashi. Likita mai magana ta hanci, mijin da ya suma a baranda, surukar da ta zo da tabarma da fulas uku kamar ta yi hijira, duk na iya su.

Kafin ki yanke mana hukunci ki saurare ni. Wanda bai taɓa naɗe jariri marar rai da ƙarfe goma, ya wanke hannu, ya yi wa wata uwa murmushi da goma da rabi ba, bai san me ya sa muke dariya irin wannan ba. Ba mugunta ba ce. In ba mu fitar da shi a teburin nan ba, gida za mu kai shi, a kan 'ya'yanmu zai sauka. Kuma muna da ƙa'ida, muna alfahari da ita: ba ma kiran suna. Lambar gado muke faɗa. Gado na uku, gado na tara. A tunaninmu, mu masu ilimi, wannan ya isa sirri.

Mai gidan abincin dattijuwa ce mai haƙuri. Sau biyu tana zuwa da kanta ta sunkuyo ta roƙe mu mu ɗan sassauta murya, wai wasu suna ɗaukar farantinsu su koma waje. Na farko muka ce to, muka sassauta na minti biyar kawai. Na biyu ni na amsa mata, kuma da ƙarfi don kowa ya ji. Na ce mata mutanen da suka yi awa takwas a tsaye cikin jini ba za su zo nan ma a sa su raɗa ba, wanda ke son shiru ya je maƙabarta. Abokaina suka yi shewa. Matar ta dube ni, ta goge hannu da zaninta, ta koma kicin. A ranar har daɗi na ji, wai na iya magana.

Yanzu ga abin da ya kawo ni.

Ranar Laraba da sassafe aka kawo mana wata yarinya, ba ta wuce ashirin da uku ba, haihuwar fari, tela ce. Ta sha wuya ƙwarai, kan yaron bai zauna daidai ba, har la'asar sannan aka shiga da ita tiyata aka ciro ɗa namiji lafiyayye. A tsakanin nan ta yi raki irin wanda na daɗe ban gani ba. Ta riƙe hannun rigata har ta ɓalle mini maɓalli. Ta ce mini Anti ki cire mini shi zan ba ki keken ɗinkina, wallahi mai kyau ne, ba ya tsinka zare. Can kuma sai ta riƙa kiran Baba, Baba ka zo ka tafi da ni, Baba na fasa. Ni na riƙe ta, na shafa mata baya, na goge mata gumi. Wallahi ban yi mata tsawa ko sau ɗaya ba. A ɗakin aiki ni mutuniyar kirki ce, wannan shi ne ma abin da ya fi ci mini rai.

Washegari Alhamis. Muka haɗa teburinmu kamar kullum, aka kawo shinkafa da kaza, Doguwa ta ce to gwana, ba mu gado na bakwai, an ce jiya an yi gwanjon keke. Ban ko yi jim ba. Na ajiye cokali, na kama gefen tebur da hannu biyu, na karkace baki, na fara. Na yi tayin keken, har da ba ya tsinka zare. Na yi Baba na fasa, da muryarta sak, siririya mai rawa. Mai Gilashi tana dukan tebur tana cewa a ƙara, Doguwa ta sarƙe da ruwa tana tari tana hawaye. Sau uku na maimaita. Sau uku, Uwar fili. Na ma ƙara da nawa, na ce da Baban ya zo ai da mun ba shi safar hannu ya taya mu.

A teburin da ke bayana, kusa da bango, akwai wata mata ita kaɗai. Na ganta da muka shigo, irin ganin da ake yi wa kujera. Tana da kwandon roba a gefen ƙafarta, da fulas a ciki da zanen goyo a ninke. Duk wanda ya yi wata ɗaya a asibiti ya san wannan kwandon mai jinya ne, tana jiran lokacin dubiya. Ni da na yi shekara ashirin da uku ban karanta shi ba. Ban kuma gane ta ba, domin ranar Laraba tana waje a kan benci, ni ina ciki.

Ta tashi, ta ɗauki kwandonta, ta zo ta tsaya daidai kafaɗata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi mana sannu da aiki, ɗaya bayan ɗaya, ta kalli kowa a ido. Sannan ta ce keken na mahaifin yarinyar ne, shi ya koya mata ɗinki, bara ya rasu. Ta ce ta gode da muka ciro mata jikanta lafiya. Ta fita. Abincinta yana nan ko rabi ba ta ci ba.

Sai a lokacin na ji cewa akwai mutane a ɗakin. Wani mutum da ɗiyarsa, wasu ma'aikata uku, mai gidan abincin a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. Dukansu sun ji. Ba su ɗaga kai ba, kunyarmu suke ji mana. Na sa takalmina a hagunce, sai da na tsallaka titi na lura.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye kunyata na yi shiru, ba zan dame ki ba.

Ranar Juma'a na shiga zagaye, na isa gado na bakwai, na tambaye ta jiki. Ta ce lafiya lau, idonta a kan bango. Ina ciwo? Babu. Yarinyar da aka yanka cikinta shekaranjiya, wai babu. Na ba ta maganin rage raɗaɗi, ta ce ba ta buƙata. Na ga tana juyawa tana cije leɓe har ya fashe, amma ko nishi. Asabar ma haka. Zafin jikinta ya ɗan hau, muka ce ruwan nono ne ke zuwa, tunda ita da bakinta ta ce babu inda ke mata ciwo. Ranar Lahadi da safe na ɗora hannu a goshinta, na ji kamar na taɓa murfin tukunya. Muka buɗe ɗinkin, ya kumbura ya yi ruwa. Sai da aka sake komawa da ita aka wanke, yanzu tana kan allurai da ƙarin ruwa, kuma kwana biyu ba ta iya ɗaukar ɗanta ba.

Na buɗe baki zan yi mata faɗa, in ce ke wace irin yarinya ce da za ki kwanta da wannan ki yi shiru, sai na tuna teburin Alhamis na fasa. Daga baya matar da ke gado na takwas ta kira ni gefe ta gaya mini abin da na riga na sani. Ta ce ranar Alhamis da yamma ta ji uwar tana gaya wa 'yarta, a hankali, cewa ko mutuwa za ta yi kada ta ƙara buɗe baki a ɗakin nan, domin duk abin da ta faɗa ana kai shi tsallaken titi a haɗa da shinkafa a ci.

Likita ya rubuta a fayil cewa mara lafiya ba ta sanar da ciwo da wuri ba. Na tsaya a bayansa ina kallon biron yana tafiya. Laifin ya koma kanta, a rubuce, da sa hannu. Na bar shi ya rufe fayil ya wuce. Ni, mai harshen da ya kori dattijuwa zuwa kicin.

Ina cikin fushi, kuma ban san wa zan fara shaƙewa ba. Doguwa ta ce in daina wasan kwaikwayo, uwar yarinyar ba ta kai ƙara ba, ciwon ɗinki kuma yana kama wadda ba a taɓa yi wa dariya ba. Mai Gilashi ta ce wata mai zuwa za ta shiga ganawar ƙarin girma, in na je wurin shugabarmu na tona, ita ma na ja ta ƙasa, kuma ba ita ta yi muryar ba. Gaskiya ne, ba ita ta yi ba, tebur kawai ta kusa fasawa. Kin san maganin da suka samo? Alhamis ɗin nan sun sauya gidan abinci. Wai wancan ya yi kusa da asibiti. Har suka turo mini saƙo cewa an ajiye mini kujera. Maigidana kuma, Allah ya saka masa, ya ce in sayi kayan jarirai masu kyau in kai, mata ai ba sa riƙo in sun ga kaya. Na kalle shi har ya tashi ya bar ɗakin. Wani lokaci har haushin uwar nake ji, ina cewa wace irin shawara ce wannan za a ba mai ɗanyen ɗinki. Sai in tuna wa ya sa ta faɗa, in ji kamar in shige ƙasa.

Kullum sai na wuce gadon nan. Uwar tana gaishe ni da ladabi, tana matsar da kwandonta in wuce. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Yarinyar tana samun sauƙi, likita ya ce nan da kwana tara ko goma za a sallame ta. Har yanzu in na tambaye ta jiki, lafiya lau ne.

To ki gaya mini. In je in ba ta haƙuri, ko hakan fama mata ciwo ne don ni in samu barci? In je wurin shugabarmu in faɗi gaskiya, in jawo wa kaina takardar gargaɗi a ƙarshen aikina, in rasa ƙawayen shekara shida? Ko in bari a sallame ta, in ci gaba da yi wa ɗalibai lacca? Kada ki lallashe ni. In kin lallashe ni zan gane, kuma zan yaga jaridar.

Taki,
Wadda bakinta ya fi hankalinta sauri


AMSA

'Yar'uwata ungozoma,

Ajiye jaridar, ba sai kin yaga ba. Ba ni da niyyar lallashi, ba ni kuma da niyyar ƙara miki bulala, domin na ga kin riga kin gaji da dukan kanki, kuma dukan bai sauke wa yarinyar nan zazzaɓi ba.

Bari in fara ba ki abin da yake naki. Dariyar da kuke yi ba laifi ba ce. Masu aiki irin naku suna buƙatarta kamar yadda suke buƙatar sabulu, kuma duk wanda ya ce ku riƙa fitowa daga ɗakin haihuwa kuna tafiya kamar masu rakiyar gawa, bai san aikin ba. Doguwa ma ba ƙarya ta yi ba da ta ce ɗinki yana ruwa ko ba a yi wa mai shi dariya ba. Ba ke kika sa mata ciwon ba. Abin da kika yi shi ne kin rufe bakin da zai gaya muku ciwon ya zo, kwana biyu kafin ku gani da idonku. Ki ɗauki wannan daidai girmansa. Kada ki ƙara masa, kada ki rage.

Ƙa'idarku ta lambar gado kuwa, ku kaɗai take ruɗa. Lamba tana ɓoye mutum ne ga wanda bai san shi ba. Ga uwa, ga miji, ga maƙwabciyar da ta zo dubiya, keken ɗinki ya fi suna bayyana mutum. Kuma gidan abincin da ke kallon ƙofar asibiti, su wa kike zaton suna cika sauran tebur bakwai ɗin? Shekara shida kuna ba da labarin marasa lafiya a tsakiyar danginsu. Wannan matar ita ce ta farko da ta tashi ta yi magana, ban yarda ita ce ta farko da ta gane nata ba.

Nan ne maganar hayaniya ta shigo, kuma ina so masu karatu su ji, domin ba ungozomomi kaɗai ke yi ba. Duk wanda ya shiga gidan abinci da ayarinsa yakan manta cewa ɗakin na kowa ne. Mutum biyar masu jin daɗi ba sa jin ƙarar kansu, a kunnensu hira ce kawai. Na kusa da su kuwa ba shi da ƙofar da zai rufe. Wani ya zo ne ya huce gajiya, wani yana jiran sakamakon gwaji, wata ko abincin ba ta so, wurin zama take nema na rabin awa. Ba a ce a yi shiru ba, gidan abinci ba ɗakin jarrabawa ba ne. Amma in na tebur na uku zai iya komawa gida ya maimaita labarinku daga farko har ƙarshe, to kun tilasta masa zama a teburinku ba da yardarsa ba. Dattijuwar nan mai gidan abincin sau biyu tana ƙoƙarin gaya miki haka, kuma da kin saurare ta da ba ki rubuto mini ba.

Yanzu abin yi. Ki ba da haƙuri, kuma ga su biyun, domin su biyu kika ɓata wa. Kin tambaya ko hakan fama ciwo ne. Zai zama haka in kin je neman a wanke ki. Saboda haka ki fara da uwar, a waje, ki roƙe ta izinin yi wa 'yarta magana. In ta yarda, kada ki zaɓi lokacin wankin ɗinki, sa'ad da yarinya ke kwance a buɗe kina tsaye a kanta da almakashi. Ki bari ki tashi daga aiki, ki cire farar riga, ki ja labule, ki zauna a kujera. Ki faɗi abin da kika yi da sunansa: na kwaikwayi kukanki a gaban mutane don a yi dariya, na ci amanarki. Kada ki kawo awa takwas a tsaye, kada ki kawo cewa ba ki san mahaifinta ya rasu ba, domin ko yana raye ba ki da izini. Kuma ki yi kukanki a gida kafin ki zo. In kika fashe a gabanta, mai jego za ta koma lallashin ki, kin ƙara mata aiki ke nan. Ke da kika iya magana, wannan karon ki taƙaita. Kayan jariran maigida su jira, ba yanzu ba.

Sai ki gaya mata abu ɗaya da ya fi haƙurin muhimmanci: kukan da ta yi ba abin kunya ba ne, kuma faɗin inda ke ciwo shi ne rabin maganinta. Ki yi wannan a gaban uwar, ba tare da kin nuna cewa shawararta ce ta jawo ba. Matar nan mutuncin 'yarta ta kare da abin da take da shi. Ki kuma ba yarinyar zaɓi, in tana son wata ma'aikaciya ta riƙa duba ta, ki shirya hakan da kanki, ba tare da ɓata fuska ba.

Maganar shugabarku, ki je. Dalilina shi ne layin nan da ke cikin fayil. Zai bi yarinyar zuwa haihuwarta ta gaba, wani likita zai karanta ya ɗauke ta mai taurin kai, alhali ke kin san abin da ya rufe mata baki. Ki nemi a ƙara bayani a gyara. Ki kuma faɗa cewa zafin jiki ya hau ranar Asabar kuka sallame shi da zato, wannan darasi ne ga ɗakin gaba ɗaya. Ki yi magana a kan kanki kaɗai. Ba aikinki ba ne ki kai jerin sunaye, amma in an tambaye ki kai tsaye kada ki yi ƙarya. Kafin ki shiga ofis, ki gaya wa abokanki cewa za ki shiga, don kada su ji a bakin wani. Tsoron Mai Gilashi tsoro ne na gaske, kada ki raina shi. Mai yiwuwa ki samu takardar gargaɗi, mai yiwuwa wata a cikinsu ta daina yi miki magana. Ba zan ce miki ba za a yi asara ba. Ina dai ganin macen da ta rubuto wasiƙar nan ba za ta iya tsayawa gaban ɗalibai da wannan abu a ranta ba.

Ki ɗan sassauta wa ƙawayenki kuma. Fushin da kike yi da su yana da daɗin riƙewa, domin muddin kina kallon laifinsu kin samu hutu daga naki. Kunya ce ta kore su zuwa wani gidan abinci, irin taki ce, kowa da yadda yake gudu. In ƙura ta lafa, ki ce musu a ci gaba da haɗuwa, amma labarin ɗaki ya tsaya a ɗakin hutunku, ƙofa a rufe, kuma ko a can a bar abin da mace ta faɗa cikin naƙuda, domin ba da hankalinta ta ba ku shi ba. Ku yi dariyar kanku, da likitoci, da shugabanni, waɗannan suna da bakin ramawa. Wata rana kuma, ke kaɗai, ki tsallaka titi ki sami dattijuwar nan a kicin ki ce mata ita ce da gaskiya.

Ki shirya wa abu ɗaya: mai yiwuwa yarinyar ta saurare ki har ƙarshe, ta juya fuska bango, ba ta ce ta yafe ba. Haƙƙinta ne, kada ki tsaya jira, kada ki koma gobe ki sake tambaya. Ba yafiya ce babbar buƙata a nan ba. Nan da kwana goma za ta koma gida da ɗinkin da aka buɗe sau biyu da jariri a hannu. In wani abu ya motsa mata a can, ana so ta iya cewa yana mini ciwo, ta yarda a dawo da ita asibiti. Don wannan za ki je, kuma gobe za ki je, ba jibi ba.

Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa, ya raya yaron, ya sanyaya zuciyar kakarsa. Ke kuma ya ba ki ƙarfin ƙafar da za ta kai ki bakin gadon nan, ya sa albarka a sauran shekarun aikinki.